Albasa Tana Numfashi

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u Kulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kin sauka lafiya, ya sa gajiyar hanya ta bi jiki, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ki san kowa ba. Na sa innarki ta cusa wannan takarda a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin ƙullin garin kunu, don kada ki gan ta sai kin isa. Na san halina. In kika buɗe ta a gabana, zan ce akwai aikin da na manta a fadama, in tashi in bar ki.

Labarin gida ba zan ba ki ba, ke kika baro shi. Yau kwana huɗu ina wannan rubutu a gindin mangwaron bakin fadama, bayan azahar, lokacin da ruwa yake bin fangali ba ya bukatata. Ki yi haƙuri da hannuna, da girmana na koyi boko. Mutane za su yi miki nasiha da yawa, kawunnanki ma sun fara tun makon jiya. Ni abin da nake da shi kurakuraina ne, su zan ba ki, don su kaɗai na sani ciki da waje. Akwai kuma wata magana da ta tsaya mini a rai shekara uku. Zan zo kanta, amma ki bar ni in bi ta doguwar hanya, ƙafata ba ta son zuwa wurin.

Zan fara da randa. Shekarar da aka kawo innarki gidan nan na garinmu Kashin Zama, ta zo da wata randa babba da kakarta ta ba ta. Ruwanta sanyi ƙalau, har maƙwabta suna aikowa a ɗebar musu in rana ta take. Ni kuma abin da idona ya gani shi ne kullum jikin randar a jiƙe yake, ƙasan da take zaune ma da laima. Na ce a raina randar tana yoyo. Ina ango, ina son in nuna mata ta auri mai dabara. Ranar da ta tafi suna Katanga na samo ragowar siminti na shafe bayan randar tas, da ya bushe na bi shi da fenti shuɗi. Na koma gefe ina kallon aikina, ina jin daɗi.

Da ta dawo ta duba randar, sannan ta ce, "Malam, mi kay yi ma randata?"

Na ce, "Gyara ta niy yi. Yoyo takai."

Ta ce, "Ba yoyo ba na, zuhwa ta. To ka kashe ta."

Na yi dariya. Kwana biyu bayan nan na kai moɗa baki na ji ruwa ɗumi kamar an sauke shi daga murhu. Ashe wannan jiƙewar ita ce aikin randar. Yumɓu yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska ta zo ta busar da shi, kuma duk ɗigon da ya bushe sai ya tafi da ɗan zafi daga cikin randar. Abin da zufa take yi wa jikin mutum ke nan. Ni na toshe kafofin, na hana ta zufa. Wannan bayanin ke kika yi mini shi kina aji biyu na sakandare, kina murna kin gano abu, ba ki san kina tona asirin ubanki ba. Randar shuɗiyar da kika taso kika ga ana zuba dusa a ciki, ita ce.

To ki riƙe wannan. In kika tarar da abu yana aiki, kika ga wani wuri a jikinsa da ya yi miki kama da aibi, kada ki yi saurin ɗauko siminti. Ki tambayi masu shi tukuna. Za a koya miki gyara a can, kuma wanda ya koyi gyara hannunsa yakan yi ƙaiƙayi.

Na biyu ƙarami ne, wataƙila kin manta. Kina da shekara tara na dawo daga gona na tarar da ke a tsakar gida kin ɗaure bakin igiyar akuya biyu wuri ɗaya. Kin shimfiɗa ta a ƙasa mai kusurwa huɗu, kin cika cikinta da ƙwallon goruba. Sai kika kwashe, kika mai da igiyar zagaye, kika sake jerawa, sai ga wuri ya ragu har kina neman ƙarin ƙwallo. Kika ɗago kai kika ce, "Baba, igiya guda ta, amma in ta kewaya ta hi cin kaya. Shi yas sa anka yi rumbu kewayayye?" Ni da na shekara arba'in ina zuba gero a rumbu ban taɓa tambayar kaina wannan ba. Gaskiyarki ce, bango ɗaya, yumɓu ɗaya, in an zagaya shi ya fi ɗaukar hatsi a kan in an yi masa kusurwa. Amma abin da na ce miki shi ne ki kwance igiyar nan ki je ki ba awaki ruwa. Na gaji ne, kuma na ji kunyar ban san amsa ba. Idan wata rana ƙarami ya tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, ki zauna ku nema tare. Awaki za su iya jira.

Na uku shi ne na injin ban ruwa. Shekarar da ruwan sama ya ɗauke da wuri, rijiyar bututun da muka haƙa a fadama ta yi ƙasa sosai. In na tayar da inji sai ya yi ta kuka, tiyo ya yi tari ya tofar da kumfa, ruwa ba ya zuwa. Albasa kuwa ta fara kwantar da ganye. Na ce injin ya tsufa, ba shi da ƙarfi. Na ari na Garba maƙwabcinmu, wanda ya fi nawa girma, shi ma haka. Na ce to a samo wanda ya fi. Na ɗauko wani ƙato daga Aliero, mutum biyu ke ɗaga shi, muka kafa, ya yi ta ruri har ana jin sa a cikin gari, ko ɗigo bai kawo ba. Kwana biyar na yi ina wannan kokawa, fangali goma sha wani abu suka bushe a kan idona.

Daga ƙarshe na ɗaura injina a babur na kai wa wani tsohon makanike a Jega, Malam Isa, Allah ya jiƙansa. Ya tayar da shi a bakin wani baho, ruwa ya fito da ƙarfi. Ya kashe, ya tambaye ni nisan ruwan rijiyata daga inda nake ajiye injin. Na ce ya kai gaba biyar da wani abu. Sai ya yi murmushi, ya ɗauko guntun tiyo siriri ya tsoma a baho, ya toshe bakin sama da babban yatsa, ya ɗaga. Ruwa ya tsaya a ciki bai zube ba.

Ya ce, "Wa ka riƙe da ruwan ga?"

Na ce, "Yatsanka."

Ya ce, "Yatsana na sama, ruwa na ƙasa. Iska ta ka tare shi daga ƙasa. Ɗan'uwa, inji ba shi jan ruwa. Iskad da ac cikin tiyo shika hiddawa, sannan iskaw waje ta danna ruwa shi hau. Iska na da nauyi, amma nauyin na da iyaka. In ruwa ya wuce gaba huɗu zuwa biyar, ko injin jirgi kak kawo ba shi hawa. Tahi ka gina rami, ka sauko da injin kusa ga ruwa."

Na koma na haƙa rami tsayin mutum a gefen rijiyar, na sauke tsohon injina a ciki, na cika shi da ruwa na ja igiya. Kafin in miƙe tsaye ruwa ya buge ni a ƙirji. Na zauna a cikin ramin nan jiƙe sharkaf, ina jin haushin kaina. Iskar nan da nake shaƙa tun haihuwa, ban taɓa sanin tana da nauyin da za ta ɗaga ruwa ba. Kulu, akwai abin da ƙarfi ba ya yi. In kika ga kin ƙara ƙarfi sau biyu abu bai motsa ba, kada ki ƙara na uku. Ki tsaya ki tambayi abin da yake riƙe da shi. Na ga wannan a inji, kuma da na yi hankali da na gan shi a cikin gidana.

To ga ni na iso inda nake ta kewayewa.

Kin san rudun kakanki. Gadon kara ne a kan turaku, an ɗaga shi daga ƙasa kamar kamu biyu, gefensa zana mai shara-shara, samansa jinka. A nan yake ajiye albasa tun daga cirewa har damina ta yi nisa. Kowace safiya sai ya je ya zura hannu cikin albasar har gwiwar hannu, yana lalube kamar mai duba majinyaci. In ya ji ɗumi ya ce a juya ta, a tsince masu laushi. Ina yaro nakan ɗauka tsufa ne kawai. Da ya rasu gonar ta dawo hannuna, rudun ya fara ba ni kunya. Ina ganin mutane suna gina shaguna na bulo a bakin titi, ni ina ajiye arzikina a cikin kara kamar kaza. Ga ɓera, ga awaki, ga tsoron gobara, ga masu dogon hannu.

Shekara uku da suka wuce Allah ya ba mu albasa irin wadda ban taɓa gani ba, manya, jajaye, masu sheƙi. Na ce wannan ba za ta kwana a kara ba. Na kira Usman birkila ya gina mini ɗaki na bulo, daɓen siminti, rufin kwano, ƙofar ƙarfe. Ya tambaye ni taga nawa, na ce ko ɗaya, taga hanyar ɓarawo ce da feshin ruwa. Na sayo tamfol don in lulluɓe albasar a ciki, kada ko ƙura ta taɓa ta. Rudun kakanki kuwa na sa aka rushe, innarki ta yi girki da turakunsa.

Ranar da ake ɗora kwano, mutane sun taru suna taya ni murna, Garba da kawunki Sani da wasu dattawa daga masallaci. Sai ga ki kin fito da takarda a hannu, kin yage ta daga littafin makaranta. Kina da shekara goma sha shida. Kika durƙusa kika gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan kika matso kusa da ni kika yi magana a hankali. Na tuna kalmominki kamar yanzu.

Kika ce, "Baba, albasa tana numhwashi. Ko an cire ta ba ta mutu ba. Tana hidda zahi da laima. In ba a bar ma iska hanya ba, dahuwa za ta yi."

Kika miƙo mini takardar. Kin zana ɗakin, kin yi ƙananan kafofi a ƙasan bango, kin ɗaga albasar a kan gadon katako mai tsaga-tsaga, kin buɗe wata kafa a can ƙololuwar rufi. Kin ja kibiyoyi, suna shiga ta ƙasa, suna ratsa albasar, suna fita ta sama.

Garba ne ya fara dariya. Ya ce, "Bello, ashe albasakka hanci gare ta?" Sauran suka ɗauka. Ba da mugunta suka yi ba, raha ce ta maza. Amma ni na ji kamar an tuɓe mini hula a kasuwa. Da kin same ni ni kaɗai a gona, wataƙila da na saurara. Wannan ba uzuri ba ne, ina faɗa miki ne don ki san ƙanƙantar abin da ya sa na yi abin da na yi.

Na ce, "Tun ba a haihe ki ba nika noman albasa. Boko bai koya miki kunya ba? Koma cikin gida, kar in ƙara jin bakinki cikin maganam maza." Na dunƙule takardar na jefar a gefen yashi.

Ba ki yi kuka ba. Kika ce, "To, Baba," kika tashi kika shiga gida.

Muka zuba albasa har kusan rufi, muka ja tamfol, na sa kwaɗo na rataya makulli a wuya. Bazara ta shigo da zafinta. Kullum in na wuce sai in dafa ƙofar in ji daɗi. Wajen mako na shida innarki ta ce tana jin wani wari in iska ta juyo. Na ce mushe ne a bayan gari. Na ƙara kwana huɗu ban buɗe ba, kuma gaskiya ita ce tsoro ne ya hana ni.

Da na buɗe, zafi ne ya fara bugun fuskata kafin wari. Na ɗaga kai na ga ruwa jere a jikin kwanon rufi yana ɗiga, yadda yake taruwa a murfin tukunya. Ba a yi ruwan sama ba ko sau ɗaya, wannan duk daga jikin albasar ya fito, ya tashi, ya rasa hanyar fita, ya komo kanta. Na yaye tamfol, na zura hannu yadda kakanki yake yi, hannuna ya nutse cikin abu mai zafi mai laushi. Baƙin ruwa yana bin daɓen siminti yana fita ta ƙarƙashin ƙofa. Na sama sun yi tsiro, na tsakiya sun narke. A lokacin na gane abin da tsohon nan yake nema da hannunsa kowace safiya. Zafin numfashinta yake aunawa. Karan da nake jin kunya, shi yake barin iska ta shiga ta ƙasa. Jinkar da na raina, ita take barin zafi ya fita ta sama, don iska mai zafi ba ta da nauyi, hawa take yi, in ta fita kuma sai mai sanyi ta biyo ta ƙasa ta maye wurin. Kibiyoyinki ke nan. Hannun ubana da littafin ɗiyata magana ɗaya suka faɗa mini, ni na tsaya a tsakaninsu na ƙi duka biyun.

Kwana uku muka yi muna kwasa muna kaiwa juji. Kina cikin masu kwasa. Kin ɗaure hanci da gefen mayafi, kina ɗaukar kwano a ka, ruwan ruɓa yana gangaro miki a wuya. Duk lokacin da kika wuce ta gabana ina jira ki kalle ni, ko da kallon nan na "ai na faɗa". Da kin yi, da na sami abin da zan yi fushi da shi, in huta. Ba ki yi ba. Kuma saboda wannan asarar kika yi shekara guda a gida, ƙawayenki suka wuce ki. Wata rana na ji wata mata ta tambaye ki dalili a bakin rijiya, kika ce lokaci ne bai yi ba. Ko a nan ba ki ambaci sunana ba.

Tun daga ranar takardar nan ba ki ƙara tambayata komai ba. Kina gaishe ni safe da yamma, kina kawo mini ruwan alwala, kina durƙusawa, babu wanda zai ce kin rage mini ladabi. Amma yarinyar nan da take bi na har fadama tana "Baba, mi yas sa", wadda ta tambaye ni dalilin da ya sa albasa take sa hawaye, ta je ta gano wani tururi ne yake tashi in an yanka ya haɗu da ruwan ido, ta dawo da gudu ta faɗa mini, wannan yarinyar ni na kore ta cikin gida, kuma ba ta sake fitowa ba. Na ce kada in ƙara jin bakinki, kika yi mini biyayya. Ban taɓa sanin biyayya tana ciwo haka ba.

Da takardar jami'a ta zo na ga kin zaɓi mai nisa, tafiyar yini guda da wani abu, alhali ga wata nan kusa da mu wadda babur zai kai ki kafin shayi ya huce. Kika ce darasin da kike so ya fi ƙarfi a can. Na yarda, kuma ban hana ba. Amma tun ranar zuciyata take ce mini ni kike yi wa nisa. Tsorona shi ne ki je ki koyi yadda iska da zafi da ruwa suke tafiya, ki gina wa mutanen wasu garuruwa abin da zai amfane su, in kin zo gida kuma ki durƙusa ki gaishe ni ki yi shiru, har in mutu.

Saboda haka ga maganar da ta tsaya mini. Kulu, ke ce mai gaskiya, ni ne na yi kuskure. Ban yi kuskure a kan albasa kaɗai ba, na wulaƙanta ki a gaban mutane don kin faɗa mini abin da zai cece ni. Ki yafe mini. A gaban mutane na yi, don haka ban bar shi a takarda kaɗai ba. Juma'ar da ta wuce bayan an sauko masallaci na tsayar da Garba da kawunki Sani da waɗanda suka rage cikin dattawan nan, na ce musu, "Kun tuna ranad da ɗiyata tac ce albasa na numhwashi, kunka yi dariya, ni kau nik kore ta? To gaskiya tah hwaɗi, ni na yi wauta." Garba ya sunkuyar da kai ya ce shi ma abin yana damunsa. Kalmomin ba su fi ƙarfin numfashi ɗaya ba, amma sai da na shekara uku kafin in iya. Ke kada ki kai haka. In kin yi wa wani laifi, ki faɗa kafin rana ta faɗi, don kullum ƙara nauyi yake yi.

A can za ki zauna a aji da maza sun fi yawa. Wata rana za ki faɗi abu daidai a yi miki dariya, wataƙila ma babba ne zai fara. Ki yi ladabi, ki sassauta murya, amma kada ki janye maganar in kin auna kin tabbata. Ki ce a gwada a gani. Ruwa da iska ba su san babba da yaro ba, abin da Allah ya ɗora su a kai shi suke bi. In kuma aka gwada aka ga ke ce ba daidai ba, ki karɓa da fuska a sake. Sannan in kin zama injiniya aka kai ki wani ƙauye, kika ga tsoho yana wani abu da hannunsa wanda bai iya faɗin dalilinsa ba, kada ki raina shi. Ki zauna ki kalla. Sau da yawa amsar tana wurinsa, dalilin ne yake wurinki.

Sauran kin san su, innarki ta faɗa miki fiye da yadda zan iya. Ki tsare salla a kan lokacinta. Ki duba waɗanda za ki zauna da su. Ki ci abinci, na san ki in kika sa kai a littafi sai a yi la'asar ba ki karya ba. Ki riƙa kiran innarki, ba za ta ce tana kewa ba, amma tun shekaranjiya take wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Yanzu ki duba cikin ambulan ɗin nan, akwai wata takarda bayan wannan. Taki ce. Ranar da na jefar, innarki ta aika aka tsinto mata, ta miƙe ta, ta ajiye a ƙasan adakarta ba ta gaya wa kowa ba. Watan jiya na tambaye ta ko ta tuna yadda zanen nan yake, ta tashi ta ɗauko ta ajiye mini a gwiwa.

Ɗakin nan shekara uku yana kulle, ko buhu ban sake sawa a ciki ba, a rumfar aro nake ajiya. Makon jiya, ranar da kika tafi sallama Maiyama wurin gwaggonki, na kira Usman birkila da guduma. Mun fasa kafofi a ƙasan bango yadda kika zana, mun sa musu raga saboda ɓera. Kafinta ya auna gadon katako. Amma mun tsaya a rufi. Wurin da kika rubuta faɗin kafar sama da tsayinta, nan ne takardar ta fi dunƙulewa a hannuna, rubutun ya goge. Usman ya ce mu ƙiyasta kawai. Na ce a'a, na gama ƙiyasi a kan wannan ɗaki, mai zanen tana nan da ranta. Akwai kuma abin da ban gane ba. Shin kwanon nan za a bar shi a yi masa rufin zana a ƙasa, ko cire shi za a yi gaba ɗaya a mai da jinka? Kuma me ya sa kika sa kafofin gabas suka fi na yamma yawa? Na juya abin a kaina har na gaji, ban samo ba.

Mun gama dashe ranar Talata. In Allah ya kai mu, nan da wata uku za a cire albasa, a bar ta ta sha iska wuyanta ya bushe, sannan a nemi inda za a zuba. Ba zan sa ko ɗaya a ɗakin nan ba sai amsarki ta zo. Ki gyara zanen, ki ƙara abin da kika ƙaro na sani, ki ba direban da yake zuwa Jega ya kawo mini. In kin ga dama kuma ki kira ni a waya ki yi mini bayani da bakinki, ko a gaban wa nake zan tsaya in saurara, kuma zan yi ta tambaya har ki gaji.

Allah ya tsare ki a tafiyarki da zamanki, ya tsare mutuncinki da imaninki, ya buɗe miki ƙirji ga ilimi mai amfani. Allah ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya yi miki albarka, albarkar da ba ta yankewa. Innarki tana gaishe ki, ta ce garin kunun kada ki bar shi a leda, ki juye a gwangwani.

Na bar tsani a jingine da bangon ɗakin, Kulu. Ina jira.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Bello